Tambaya da Amsa: Wa Ke Raba Zangunan da Rediyo da Waya Suke Bi?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin 'yan watannin nan sun karkata ga abu guda, ko da yake masu su ba su san juna ba. Wani yana tambaya a kan kuɗin data, wata a kan rediyonta, wani kuma a kan 'yar na'urar da ya rataya a shago, amma duk ƙofofi ne na gida ɗaya, wato yadda gwamnati take raba zangunan da rediyo da talabijin da wayar salula suke bi. Masana suna kiran abin sifektiram, mu kuwa da ma muna da kalmominmu, domin duk wanda ya tashi yana jin "gajeren zango" da "mita" a bakin masu gabatar da shirye-shirye ya riga ya san rabin karatun. Na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon malamin firamare ne a Gwammaja. Na ji a labarai wai gwamnati ta sayar wa kamfanoni iska a kan miliyoyin daloli. Iska dai ta Allah ce. Da wane dalili gwamnati za ta sayar da abin da ba ita ta yi ba?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiyarka ce, gwamnati ba ta halicci komai a nan ba, kuma doka ma ba ta ce ta halitta ba. Abin da take bayarwa izini ne na amfani da wani yanki na zango, na shekaru ƙayyadaddu, bisa sharuɗɗa, kuma tana da ikon karɓe shi idan aka saɓa. Abin da ya fi kama da shi a rayuwarmu shi ne takardar mallakar fili. Ƙasa ma ta Allah ce, amma tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 gwamna ne yake riƙe da ita amana, yana ba mutum izinin zama na wa'adi.

Sai dai a gyara abu ɗaya: iskar da muke shaƙa ba ta da hannu a wannan sha'ani. Igiyoyin rediyo dangin haske ne, suna gudu da saurinsa, kimanin kilomita dubu 300 a daƙiƙa guda, kuma suna ratsa sararin da babu iska sam, shi ya sa ake iya magana da tauraron ɗan'adam. Abin da ya bambanta wata igiya da wata shi ne yawan kaɗawar da take yi a daƙiƙa. Kaɗawa ɗaya ita ce haz ɗaya, sunan da aka ciro daga na Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da samuwar igiyoyin a shekarun 1880. Miliyan ɗaya ita ce megahaz, biliyan ɗaya kuma gigahaz. Idan aka ce kana sauraron Freedom Radio a kan mita 99.5, ana nufin igiyar tashar tana kaɗawa sau miliyan 99.5 a kowace daƙiƙa. Dala FM tana 88.5, Arewa Radio tana 93.1, Pyramid tana 103.5, kowace da rumfarta. Kalmar "mita" kanta gado ce daga zamanin gajeren zango, lokacin da sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da takwarorinsa suke faɗin tsawon igiyarsu da awon mita, kamar mita 19 ko mita 25. Da FM ta zo sai muka ɗauko kalmar muka ɗora mata, kuma ta zauna.

Dalilin sa ido kuwa shi ne, idan na'urori biyu suka watsa a kan mita ɗaya a gari ɗaya, ba a raba masu sauraro biyu, dukansu ne suke lalacewa. Zangon FM gaba ɗayansa daga megahaz 87.5 ne zuwa 108, kuma kowace tasha tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na megahaz, ban da tazarar da ake bari tsakaninta da maƙwabciyarta. Saboda haka rumfunan ƙidayayyu ne. Amurka ta ɗanɗana zaman babu mai rabo a shekarun 1920, inda tashoshi suka riƙa canza mita da ƙara ƙarfi yadda suka ga dama har sauraro ya gagara, sai da aka yi dokar rediyo ta 1927 sannan ƙura ta lafa.

A nan gida, Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa rabon mitoci cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai take da iko a kansu. Gwamnatin Kano ita ce mai Rediyon Kano da ARTV, amma ba ita take yanka musu mita ba. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar kula da mitoci ta ƙasa, wadda ministan sadarwa yake shugabanta, kuma ita ce mai rabon sari. Tana ware wani kaso ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, domin kamfanonin waya da intanet, wani kason ga Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai, wato NBC, domin rediyo da talabijin, sannan akwai na sojoji da 'yan sanda da sufurin jiragen sama da sauran ayyukan gwamnati. Hukumomin biyu duk an kafa su ne a 1992, zamanin Janar Babangida. A ganina, Baba, tambayar da ta fi dacewa mu riƙa yi wa waɗannan hukumomi ita ce wadda ake yi wa kowane mai riƙon amana: wa ka ba, da wane sharaɗi, kuma ya yi aikin ko ya ajiye?

TAMBAYA: Ina sayar da wayoyi a Farm Centre. Kullum masu saye suna tambayata dalilin tsadar data, da dalilin da ya sa alamar 5G take ɓacewa da zarar sun bar tsakiyar gari. Wani ya ce mini kuɗin lasisi ne kamfanoni suke fanshewa a kanmu. Haka ne?

AMSA: Ɗan'uwa, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba. Bari mu fara da kuɗin. A Janairun 2001, lokacin Injiniya Ernest Ndukwe yana shugabancin NCC, aka yi gwanjon lasisin GSM na farko a Abuja, kowane lasisi ya tashi a kan dala miliyan 285 na tsawon shekara 15. MTN da Econet suka biya suka fara aiki a watan Agustan shekarar, kamfani na uku da ya yi nasara bai kammala biya a kan lokaci ba, an kuma keɓe wa NITEL lasisi ɗaya. Kafin wannan rana layukan waya a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, yau kuwa sun haura miliyan 150. Globacom ta shigo a 2003, Etisalat a 2008. A 2007 an bayar da lasisin 3G guda huɗu a kan dala miliyan 150 kowanne, kuma ɗaya daga cikin masu sayen kamfanin Alheri ne na Alhaji Aliko Ɗangote, wanda daga baya Etisalat ta saye shi. Sai gwanjon 5G na ranar 13 ga Disamba, 2021, lokacin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta yana kan kujerar NCC, Farfesa Isa Ali Pantami yana minista. An sa mafi ƙarancin farashi dala miliyan 197.4, aka yi ta tayi zagaye 11, MTN da wani sabon kamfani mai suna Mafab suka ɗauki megahaz 100 kowannensu a zangon gigahaz 3.5 a kan dala miliyan 273.6, na shekara 10. Airtel ta janye a ranar, ta dawo ta sayi nata bayan shekara guda.

Tunanin yin gwanjo ba a nan ya samo asali ba. Wani masanin tattalin arziki, Ronald Coase, shi ya kawo shawarar a 1959, aka yi ta yi masa dariya, sai kusan 1990 ƙasar Niyu Zilan ta gwada, Amurka ta biyo a 1994. Hujjarsa ita ce wanda ya zuba kuɗinsa masu yawa ba zai bar abin ya kwanta ba, kuma tayi a bainar jama'a ya fi a rufe ƙofa a ba ɗan lele. Wannan hujja tana da ƙarfi, musamman a ƙasa irin tamu. Amma gwanjo yana da nasa ciwon. A shekarar 2000 Birtaniya ta tara fam biliyan 22.5 daga lasisin 3G, gwamnati ta yi murna, kamfanonin kuwa suka fito da bashi a wuya, aikin shimfiɗa na'urori ya yi ta jan ƙafa. Duk dalar da ta tafi baitulmali dala ce da ba ta tafi kafa ƙarfen sabis a ƙauye ba.

To, ko kuɗin lasisi ne yake tsada da data? Yana ciki, amma idan ka raba dala miliyan 273.6 a kan shekara 10 da miliyoyin masu layi, za ka ga ɗan kaɗan ne yake faɗowa kan mutum ɗaya a wata. Manyan masu cin kuɗin su ne man dizal na injinan da ke ƙarƙashin kowane ƙarfe, da na'urorin da ake sayowa da dala, da wayoyin ƙarƙashin ƙasa da masu aikin titi da ɓarayi suke tsinkawa, da kuɗin izinin haƙa da jihohi suke karɓa, wanda aka yi ta fama kafin a tsayar da shawarar naira 145 a kowace mita ta awo. Waɗannan ne kamfanoni suka kafa hujja da su har NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Ɓacewar 5G kuma ɗabi'ar zangon ce. Igiyar megahaz 900, wadda GSM ta fara da ita, tsawonta kusan santimita 33 ne, tana cin nisa, tana kuma ratsa bango, har kaurin katangar ƙasa ta gidajen cikin birni. Ta gigahaz 3.5 ba ta kai santimita 9 ba, tana ɗaukar kaya da yawa amma ba ta nisa, bango kuma yana raunana ta. Ƙasan zango siririyar hanya ce doguwa, samansa kuwa shimfiɗeɗen titi ne gajere. A 2001 an ba kowane kamfani megahaz 5 na zuwa da 5 na dawowa a zangon 900, a 2021 kuwa megahaz 100 cur aka bayar, kuma daga wannan faɗi ne gudun 5G yake fitowa. Kano tana cikin birane bakwai da MTN ta fara da su a 2022, amma kafin a rufe gari da wannan zango sai an kafa ƙarafa kusa-kusa, kuma ɗan kasuwa yana fara kafawa ne inda ya san zai mayar da kuɗinsa. Ka faɗa wa masu saye gaskiya: su duba ko akwai sabis ɗin a unguwarsu kafin su ƙara kuɗi saboda shi.

TAMBAYA: Ni matar aure ce a Kurna. Wani lokaci ina sauraron tasha sai wata ta hau kanta. Kuma ɗana, wanda ya iya haɗa kayan lantarki, yana son ya haɗa ƙaramar tashar FM don sanarwar unguwa da karatun yara. Akwai laifi?

AMSA: Hajiya, Allah ya raya shi, ya yi wa hannunsa albarka, amma ki dakatar da shi tukuna. Hawan tasha kan tasha yakan zo ta hanya biyu. Wani lokaci laifin akwatin rediyon ne, domin ƙananan rediyoyi masu araha ba su iya tace maƙwabtan mitoci, musamman idan gidan yana kusa da eriyar wata tasha mai ƙarfi. Ki gwada da wani rediyon ko na waya, ki kuma rage tsawon eriya. Idan duk unguwar ce take fama da haka a kan kowane irin akwati, to mai yiwuwa wata tashar ce ta wuce ƙarfin da aka yanka mata ko na'urarta tana zubar da igiya gefe, kuma wannan ƙorafi ne da NBC take da alhakin bincikawa.

Batun ɗanki kuwa ya fi nauyi. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki ya ce ban da gwamnatin tarayya da ta jiha, babu mai mallakar tashar rediyo ko talabijin sai da amincewar shugaban ƙasa, kuma ta hannun NBC ake neman ta. Dokar ba ta ware ƙaramar tasha ba. Akwai kuma dalilin da ya shafe ku musamman. Daga inda zangon FM ya ƙare, wato megahaz 108, nan zangon jiragen sama ya fara, ya tafi har 137. Kashin farko na na'urorin da suke nuna wa jirgi hanyar sauka ne idan gari ya rufe, kashi na biyu kuma na maganar matuƙi da hasumiya. Na'urar da aka haɗa a gida ba ta da matatar kirki, takan fesa igiya sama da ƙasa da inda aka nufa, ku kuwa ga ku a gefen filin jirgin Malam Aminu Kano. Ki tuna yadda ƙurar hunturu take rufe sararin Kano, lokacin da matuƙi ya fi dogara da waɗannan na'urori.

Duk da haka ba na ganin burin yaron a matsayin shirme. Rediyon al'umma abu ne da Jamhuriyar Nijar da Mali suka yi nisa a kansa, mu kuwa sai a 2015 aka amince da rukunin farko na lasisinsa, kuma har yanzu hanyar samunsa tana da tsawo ga talaka. Ƙungiya mai rajista ce take nema, kuma dokar NBC ta hana ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisi. Kafin nan, yana iya watsa shirinsa ta intanet, inda ba ya buƙatar mita ko ɗaya.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero. Idan har sai da lasisi ake amfani da zango, me ya sa nake kunna Wi-Fi da Bluetooth ba tare da izinin kowa ba? Kuma ba za a iya barin kowa ya yi tarayya a sauran zangunan haka ba?

AMSA: Ɗana, ka taɓo inda muhawarar masana take a yau. Zangon gigahaz 2.4 makiyaya ce ta kowa da kowa. Asali an ware shi ne don na'urorin masana'antu da na asibiti da tukunyar ɗumama abinci ta lantarki, wadda take aiki a gigahaz 2.45, saboda haka kamfanonin sadarwa suka raina shi, suna ganin juji ne mai hayaniya. A 1985 hukumar sadarwar Amurka ta ce kowa ya shiga ba lasisi, da sharaɗin ya yi ƙasa da murya kuma ya jure hayaniyar wasu. Daga wannan juji ne Wi-Fi da Bluetooth suka fito a ƙarshen shekarun 1990. Ladabin Wi-Fi irin na zaman dattawa ne: na'ura tana saurarawa, idan ta ji wata tana magana sai ta ɗan jira sannan ta sa baki. Abin yana yiwuwa ne saboda ƙarfin kaɗan ne, ba ya wuce 'yan ɗakuna. Da zarar an yi yawa, kamar a ɗakunan kwanan ɗalibai, sai ka ga gudu ya ragu, domin tashoshin Wi-Fi uku ne kacal a wannan zango da ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11. Idan na'urarka tana da gigahaz 5, koma can, ya fi fili. Ka kuma sani cewa rashin lasisin mita bai ɗauke wa mai sayar wa jama'a intanet neman lasisin sana'arsa daga NCC ba.

Ba za a mayar da dukan zanguna haka ba, domin babu mai zuba biliyoyi ya kafa ƙarfen da zai rufe kilomita da yawa alhali gobe wani yana iya zuwa ya yi ihu a kan mitarsa. Amma tsakanin makiyayar kowa da gonar mutum ɗaya mai shinge akwai matakai, kuma manoman rani na Kadawa da Kura sun fi kowa saninsu, tun da magudanar ruwa ɗaya ce daga Tiga amma ana shan ta bi da bi. Amurka ta yi irin wannan a zangon megahaz 3550 zuwa 3700, wanda na'urorin hangen nesa na sojan ruwanta suke amfani da shi jefi-jefi. Aka yi hawa uku: soja a sama, masu lasisi a tsakiya, kowa da kowa a ƙasa, wata kwamfuta kuma tana rabon, tana cewa na ƙasa ya matsa idan na sama ya zo. Akwai kuma gibin da ake bari tsakanin tashoshin talabijin, wanda aka gwada kai intanet ƙauyuka da shi a Kenya da wasu ƙasashen Afirka.

A Najeriya ma an fara sassautawa. Tun 2018 NCC ta fitar da ƙa'idojin da suka ba mai lasisi damar sayar da zangonsa, ko ba da shi haya, ko yin tarayya da wani, da amincewar hukumar. Kafin nan, hanyar da ta rage ita ce a sayi kamfanin ɗungurungum, kamar yadda MTN ta sayi Visafone a 2016, kuma kowa ya san zangon megahaz 800 ne abin nema. Ƙarafan sabis ma yawancinsu yanzu na kamfanoni ne irin su IHS, waɗanda suke ba masu waya da yawa hayar ƙarfe ɗaya. A 2025 kuma aka amince masu layin 9mobile su riƙa hawa na'urorin MTN inda nasu ba su kai ba.

Abin da nake ganin ya rage shi ne tsanantawa a kan wanda ya karɓa ya ajiye. Lasisi yakan rufe ƙasa baki ɗaya, amma aikin yakan tsaya a manyan birane, sai zangon ya zauna fayau a ƙauyukan Sumaila ko Doguwa, mai shi bai yi amfani da shi ba, wani kuma bai isa ya taɓa ba. A al'adarmu gonar da ta daɗe saura mai gari yakan ba wani aronta. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya karɓe wani ɓangare na filin Aƙiƙ daga hannun Bilal ɗan Haris saboda ya kasa raya shi, ya raba wa Musulmi. Da za a ce duk kamfanin da bai kai wata ƙaramar hukuma ba cikin wa'adi dole ya ba ƙaramin kamfani na yankin haya da farashi mai sauƙi, da an rage yawan masu hawa tudu neman sabis.

TAMBAYA: Shagona yana can cikin wani gida a Kantin Kwari, sabis ba ya shiga. Na sayi busta na kafa, abin ya gyaru, amma maƙwabta suna cewa tasu ta lalace. Da gaske ni ne?

AMSA: Alhaji, mai yiwuwa ƙwarai. Busta tana kama igiya ta ƙara mata ƙarfi ta sake watsawa a kan mitar da wani ya biya lasisinta, kuma marar inganci takan haɗa da hayaniyarta ta tura wa ƙarfen sabis. Idan eriyar waje da ta ciki suka yi kusa, sai ta riƙa jin kanta tana maimaitawa, kamar kukan lasifika idan aka kusanto da makirfo. Ƙarfen yakan kurumce, ya daina jin wayoyin da ke nesa ko cikin lungu. NCC ta sha yin gargaɗi cewa kamfanoni masu lasisi ne kaɗai suke da izinin kafa irin wannan na'ura, kuma ana iya ƙwace ta a hukunta mai ita. Ku haɗu ku 'yan gidan ku rubuta wa kamfanin, domin suna da na'urorin cikin gini da aka tantance, kuma kasuwa mai cinkoso irin Kwari riba ce gare su. Idan ba su saurare ku ba, ku kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta ne, hukumar kuma tana da ofishin shiyya a nan Kano.

TAMBAYA: Ni direba ne, ina jigila daga Kano zuwa Maigatari. Kafin in kai iyaka sai wayata ta kama sabis ɗin Nijar, kuɗina su tafi. Ba wanda ke hana wannan?

AMSA: Malam direba, igiya ba ta tsayawa a shingen kwastan. Saboda haka ne ma aka yi Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, wadda aka kafa a birnin Faris a 1865 tun zamanin tangaraho, yanzu kuma take Janiba ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita take riƙe da kundin da ya faɗi aikin kowane zango, ana sabunta shi a babban taro duk shekara uku zuwa huɗu, kamar wanda aka yi a Dubai a 2023. An kasa duniya shiyya uku, Afirka tana ta ɗaya tare da Turai da Gabas ta Tsakiya, shi ya sa wayar da aka saya a Kano take aiki a Maraɗi da Makka. Maƙwabtan ƙasashe sukan zauna su daidaita mitoci da ƙarfin na'urorin bakin iyaka, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Gumel zuwa Maigatari ba a iya yanke igiya da wuƙa. Idan ta gida ta yi rauni, waya takan kama wadda ta fi ƙarfi. Maganin yana hannunka: shiga saitin waya, ka cire zaɓin kamfani daga kan na kai-tsaye ka zaɓi naka da hannu, ka kuma kashe datar ƙetare.

TAMBAYA: Mun daɗe muna jin za a kashe tsohon tsarin talabijin a koma na dijital. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Tarauni, kuma ban ga abin da ya haɗa wannan da waya ba, amma an ce da alaƙa.

AMSA: 'Yar'uwa, alaƙar ita ce fili. A tsohon tsari tashar talabijin ɗaya tana cin megahaz 8 ita kaɗai, a tsarin dijital kuwa wannan faɗin yana ɗaukar tashoshi goma sha wani abu. Idan aka tattara tashoshi wuri ɗaya, sai sauran filin ya fita, kuma fili ne mai daraja, domin zangon megahaz 700 da 800 shi ne irin wanda yake cin nisa yana ratsa bango, ƙarfe ɗaya ya wadatar da ƙauyuka da dama. Ƙasashen Afirka ne suka matsa a taron ITU na 2012 har aka amince a ba wayar salula zangon 700 a shiyyarmu.

Yarjejeniyar Janiba ta 2006 ta sa ranar 17 ga Yuni, 2015 a matsayin wa'adin sauyawa. Najeriya ta sa wa kanta 2012 ta kasa, 2015 ta wuce, 2017 ma haka. An yi gwaji a Jos a Afrilun 2016, Abuja ta biyo a ƙarshen shekarar, Kaduna a 2017, Kano kuwa sai ƙarshen 2021 aka ƙaddamar da shirin, da akwatin dikoda na FreeTV. Abin da ya riƙa kawo cikas kuɗi ne: na kafa na'urorin watsawa, da na sauƙaƙa wa talaka farashin dikoda, domin babu gwamnatin da za ta kashe tsohuwar tasha alhali gidaje da yawa ba su da abin kama sabuwa.

Idan kina son ganin alaƙar da idonki, ki tuna tsohon sunan ARTV, wato CTV 67, wadda gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta assasa. Lambar 67 sunan tashar da take kai ce a zangon talabijin, kuma tasha ta 67 tana tsakanin megahaz 838 ne da 846. Wannan yanki yana cikin zangon 800 da duniya ta mayar na wayar salula, wanda a yau ake tura 4G ta cikinsa.